Doguwar Allura

Ranar da lemar uwarta ta karye
Sahadatu ta zaro ƙarfe ɗaya daga haƙarƙarin lemar,
ta ɗaura yaƙi da labulen shagona.
Labule ya sha suka har rana ta riƙa leƙowa ta cikinsa.
Shekararta bakwai,
haƙoranta biyu na gaba sun tafi ba su dawo ba.

A wayar ɗan maƙwabci ta gani:
mutum biyu cikin fararen kaya,
fuska a rufe da raga kamar rariyar tankaɗe,
suna tsokanar juna da doguwar allura.
Ta ce, Baba, wannan.
Uwarta ta ce, idon 'yata biyu ne,
kuma ban ji ana sayar da na canji a Makola ba.

Ni tela ne a Nima, kusa da babbar kwata.
Na san allura, na san almakashi.
Takobi kam sai dai a labari.
Amma na rufe shago, na riƙe hannunta,
muka shiga motar haya.

Wuri na farko, can wajen Legon,
sanyin na'ura ya tare mu tun daga ƙofa.
Saurayin ya faɗi kuɗin wata yana latsa waya.
Na lissafa a zuci:
riga goma sha ɗaya, har da aikin wuya.
Bai tambayi sunanta ba.
Ko da ya tambaya, riga goma sha ɗaya ce.

Na biyu a Osu ne, saman bene,
lambobin yabo rataye a bango kamar kayan koli.
Mai koyarwa yana da murya, Allah ya ba shi.
Wani yaro ya cire hular raga don ya sha ruwa,
sai na ga ashe tun ɗazu kuka yake.
Raga tana tare takobi,
tana kuma ɓoye hawaye.
Sahadatu ta matse mini yatsa.
Muka sauko ba sallama.

Na ce mu haƙura. Ta yi shiru har Asabar.

Sai wani zauren makaranta a Kotobabi,
an jingine bencina a gefe, fanka ɗaya ke aiki.
Anti Dedei, mai furfura a goshi,
ta durƙusa har idonsu ya daidaita,
ta ce, da wane hannu kike cin abinci?
Ta ce mini, wata guda ba za ta taɓa ƙarfe ba.
Ƙafa tukuna. Gaba, baya, tsaya.
Sai gaisuwa, sai takobin roba.
Wanda bai iya tsayawa ba, ba na ba shi tsini.

Ban san dokar wasansu ba,
sai na duba abin da na sani.
Na ɗauki farar riga, na juya cikinta,
na ja ɗinkin hammata da ƙarfi.
Ninki biyu ne, bai motsa ba.
Ta biyu ta yi ɗan murmushi a kafaɗa.
Anti ta ce, shi ya sa take cikin buhu,
akwai shida irinta, ba mai sa su.
Na ce, kawo buhun.
Nan muka yi ciniki, rabi sidi, rabi zare.

Yanzu da dare ina bin kafaɗun 'ya'yan mutane,
ina ninka ɗinki inda tsini zai sauka,
ita kuma tsakanin keke da ƙofa,
gwiwa a lanƙwashe, harshe a giɓin haƙori,
gaba, gaba, baya.
Uwarta na kallo ta wutsiyar ido, tana tsince shinkafa.

Labulen nan kuwa har yau ban yi masa faci ba.